Ina ruwan soja da rufe masana'antu?

Tambaya: Malam, ina yawan jin ana cewa ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya da Jamus sun yi rauni ta fuskar soja saboda masana'antunsu sun rufe ko sun koma ƙetare. Ni dai abin bai shige ni ba. Amurka ta fi kowa kashe kuɗi a kan soja, tana da jiragen da babu irinsu. To ina ruwan soja da masana'antar ƙarfe ko ta mota? Mai kuɗi ai sai ya saya.

Amsa: Ɗan'uwa, a ranar farko ta yaƙi maganarka gaskiya ce. Ƙasar da ta fi zuba kuɗi, ta fi horar da dakaru, ta fi mallakar jirage na zamani, ita za ta fi yin ɓarna a makon farko. Matsalar tana ɓullowa ne a wata na uku ko na shida, lokacin da abin da aka tara a rumbu ya ƙare, kowa ya koma harba abin da aka ƙera masa a watan jiya. Daga nan yaƙin ya fara fita daga hannun janar-janar, ya koma hannun masu narka ƙarfe da masu walda da masu haɗa sinadarai. Akwai abu biyu da jama'a kan cakuɗa: yawan makaman da ke hannu, da saurin mayar da gurbin wanda aka harba ko aka lalata. Kasafin kuɗi da fareti na farkon suke nunawa. Na biyun ba ya fitowa a talabijin, kuma shi ne mutuwar masana'antu take ci.

Bari in ɗauki makami mafi sauƙi da na sani, harsashin igwa mai faɗin milimita 155. Babu wata fasahar zamani a jikinsa, tun Yaƙin Duniya na Ɗaya ake harba mai wannan girman. Ƙarfe ne da ya haura kilo 40, an cika cikinsa da nakiya. Kafin Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, Amurka, wadda ke kashe sama da dala biliyan 800 a shekara a kan tsaro, tana ƙera kusan 14,000 ne a wata. Sojojin Yukren kuwa na iya harba wannan adadin cikin kwana biyu zuwa uku idan faɗa ya yi zafi, su kuma na Rasha suna harba ninkin haka. Majalisar Amurka ta ware kuɗi, rundunar sojin ƙasa ta sa wa kanta burin kai 100,000 a wata, amma aka shekara biyu, aka shekara uku ana ta hawa a hankali. A Maris ɗin 2023 Tarayyar Turai ta yi wa Yukren alkawarin harsashi miliyan ɗaya cikin shekara guda. Da wa'adin ya cika, kusan rabi ta iya bayarwa, sai wajen ƙarshen 2024 aka cike sauran. Ƙasashe 27 ke nan, daga cikin mafi arziki a duniya. Babu wanda ya rasa kuɗi a cikinsu.

To me ya hana? Sai ka bi harsashin daga farko. Ana yanko gungumen ƙarfe na musamman, a gasa shi ya yi ja, a danna shi da injin matsi mai ƙarfin gaske ya ɗauki siffa, a fere shi, a sake gasawa don ya yi tauri daidai gwargwado. A Amurka yawancin wannan aikin a garin Scranton ake yi, cikin wani tsohon ginin gyaran kan jirgin ƙasa da soja suka karɓa a shekarun 1950. Daga nan a kwashi kwankon zuwa jihar Iowa a ɗura masa nakiya. Nakiyar da aka fi sani, TNT, Amurka ta daina yin ta a cikin gida tun 1986, sayowa take yi, galibi daga kamfanin Nitro-Chem na ƙasar Foland, wadda ke maƙwabtaka da fagen yaƙin kanta. Sai a ƙarshen 2024 aka ba da kwangilar gina sabuwar masana'antar TNT a jihar Kentucky. Albarushin zamani da ke tura harsashin ya fita daga bakin igwa kuma da sinadarin da ake samu daga gashin auduga ake yin sa, kuma kaso mai yawa na audugar da masu haɗa shi a Turai ke amfani da ita daga Sin take zuwa. Har baƙin albarushi na dā, wanda ake sa ɗan kaɗan don kunna wuta, masana'anta ɗaya tak ke yin sa a duk faɗin Amurka, a Minden ta jihar Louisiana, ita ma ta yi bindiga a 2021 ta tsaya kusan shekara biyu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai in ya tsaya, harsashi bai fita ba. Kuma kowannensu yana buƙatar gini da injuna da izinin hukuma da ma'aikatan da suka san aiki. Injin matsi babba ba a shago ake ɗaukarsa ba, oda ake bayarwa a jira shekara ko fiye. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a harkar makamai ranar tafiyar abokin gaba ne ke sa ta.

Wannan ba sabon darasi ba ne. A 1915 sojojin Birtaniya a Faransa sun rasa harsashin igwa har maganar ta girgiza gwamnatin Firaminista Asquith, aka kafa ma'aikata ta musamman ta makamai aka ɗora Lloyd George a kai. Kusan duk babban yaƙi yakan cinye harsashi fiye da yadda masu tsari suka lissafa.

Yadda aka zo wannan hali yana da tarihi, kuma ba wauta ce zalla ta kawo shi ba. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, ƙasashen Yamma suka ga babu sauran abokin gaba mai girman da zai sa a riƙe masana'antun makamai yadda suke. A 1993 mataimakin sakataren tsaron Amurka, William Perry, ya tara shugabannin manyan kamfanonin makamai wajen cin abincin dare, ya shaida musu cewa kuɗi zai ragu, gwamnati ba za ta iya ciyar da su duka ba. Suka shiga haɗewa da sayen juna. Ma'aikatar tsaron da kanta ta ce manyan 'yan kwangilarta sun sauko daga 51 zuwa 5: Lockheed Martin, Boeing, General Dynamics, Northrop Grumman da Raytheon. Masu ƙera injin roka mai busasshen mai, wanda kusan kowane makami mai linzami ke buƙata, suka ragu zuwa biyu. Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, a Iraƙi da Afganistan, galibi da abokan gaba marasa igwa da jirage aka yi su, don haka babu abin da ya tona asirin. An ɗan ga alama a Libiya a 2011, inda cikin 'yan makonni wasu ƙasashen Turai suka fara ƙarancin bama-bamai masu saiti har sai da Amurka ta agaza, amma yaƙin bai daɗe ba, aka manta.

Inda masana'antun farar hula suka shigo, wato ainihin tambayarka, shi ne ƙasan waɗannan manyan kamfanoni biyar. Sunan Lockheed ake gani a jikin jirgi, amma dubban ƙananan kamfanoni ne ke kawo masa kaya: mai zubin ƙarfe, mai fere ƙusoshi, mai shafe ƙarfe da sinadari kada ya yi tsatsa, mai allon wayoyin lantarki, mai ƙera ma'auni. Yawancinsu ba da aikin soja suke rayuwa ba. Abincinsu na kullum daga masu motoci da masu injunan noma da masu kayan lantarki yake fitowa, odar soja ƙari ce, kuma ƙari mai wahala, ga takardu ga bincike ga jinkirin biya. Ranar da masana'antar mota ko ta talabijin ta tattara ta koma wata ƙasa, mai zubin nan ya rasa babban mai saye, ya rufe. Soja ba sa ma sani sai bayan shekaru, ranar da suka nemi wani ɗan ƙarfe aka ce musu mai yin sa ya mutu, 'ya'yansa sun sayar da filin. A 1979 mutum kusan miliyan 19 da rabi ke aiki a masana'antun Amurka. A 2000 suna kusan miliyan 17. Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a ƙarshen 2001, zuwa 2010 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 12. Ba duka cinikin ƙetare ne ya kore su ba, injuna masu sarrafa kansu ma sun ci nasu rabo, amma a wajen soja sakamakon ɗaya ne: tafkin da ake kamfato gwanaye daga ciki ya janye.

Gwanayen nan su na fi so ka riƙe, domin su ne abin da ya fi wuyar dawowa. Gini ana yin sa cikin shekara biyu. Mai waldar da za a yarda ya haɗa jikin jirgin yaƙi mai nutso, wanda zai ɗauki mutum sama da ɗari zuwa ƙarƙashin teku da injin nukiliya a ciki, sai ya yi shekaru yana koyo a ƙarƙashin wanda ya riga shi. In babu wanda ya riga shin, zane da littafi ba sa isa. Da aka tura wa Yukren makamin Stinger na harbo jirgi daga kafaɗa sama da 1,400 a farkon yaƙin, aka waiwaya za a ƙera sababbi, sai shugaban Raytheon ya fito ya ce ma'aikatar tsaro ta yi shekara 18 ba ta sayi ko ɗaya ba, wasu kayan lantarkin cikinsa ma an daina yin su a duniya, sai an sake zane. Kamfanin ya koma kiran tsofaffin ma'aikatansa da suka yi ritaya, wasu sun haura saba'in, su zo su nuna wa yara yadda ake haɗawa. Wanda ya fi wannan ban mamaki shi ne wani sinadari na sirri da ake kira Fogbank, da ake sawa a kan makamin nukiliya samfurin W76. An rufe wurin yin sa bayan an gama ƙera makaman. Da aka zo sabunta su a shekarun 2000, sai aka tarar waɗanda suka san aikin sun watse, abin da aka rubuta bai cika ba. Ƙasar da ta ƙirƙiro abin ta ɓatar da shekaru da miliyoyin daloli tana sake koyon abin da ita ta fara yi. Yau rundunar ruwan Amurka na son jiragen nutso samfurin Virginia biyu a kowace shekara, kuɗin yana nan a kasafi, amma abin da ke fitowa daga wuraren ƙera su na Groton da Newport News ɗaya ne da ɗan ɗoriya. Babban dalilin ma'aikata ne da ƙananan masu kawo kaya.

Idan aka yi wannan magana, akwai wanda zai ce ai an taɓa yi, Amurka ta juya masana'antun motoci suka koma na makamai a Yaƙin Duniya na Biyu, in ta kama za a sake. Labarin gaskiya ne, kuma yana da daɗin ji. A Fabrairun 1942 aka dakatar da ƙera motocin farar hula gaba ɗaya. Kamfanin Ford ya gina Willow Run kusa da Detroit, inda a 1944 jirgin yaƙi samfurin B-24 ke fitowa kusan kowace awa. Chrysler ya ƙera tankoki, IBM ya ƙera bindigogi. An ƙera jiragen sama kusan 300,000 da jiragen dakon kaya na ruwa samfurin Liberty 2,710, har aka taɓa haɗa ɗaya cikin ƙasa da kwana biyar don nuna bajinta. Amma duba abin da labarin ke tsallakewa. An juya masana'antun ne domin suna nan: ƙasar tana ƙera motoci sama da miliyan 3 a shekara, ita ce kan gaba a ƙarfe da mai da injunan fere ƙarfe. Kuma ba da harin da Japan ta kai wa sansanin jiragen ruwan Amurka na Pearl Harbor a ƙarshen 1941 aka fara ba. Tun 1939 da 1940 odar Birtaniya da Faransa ta fara ɗumama masana'antun, a 1940 aka yi dokar faɗaɗa rundunar ruwa, kuma manyan jiragen da dokar ta haifar sai 1943 suka fara isa fagen daga. Willow Run ɗin kansa ya yi ta tuntuɓe a farko har mutane suna yi masa ba'a. Duk wannan lokacin tekuna biyu na kare ƙasar, wasu kuma na can suna mutuwa suna saya mata lokaci. Sannan makamin wancan zamani ɗan'uwan mota ne, ƙarfe da inji da ƙusa. Mai haɗa mota a yau ba zai wayi gari yana haɗa na'urar saitin makami mai linzami ba. Ƙasar da a yanzu ta yi kama da Amurkar 1941, ta fuskar yawan masana'antu, Sin ce: kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da masana'antun duniya ke fitarwa, da fiye da rabin ƙarfen duniya, tan biliyan ɗaya a shekara, alhali Amurka na wajen tan miliyan 80.

A harkar jiragen ruwa tazarar ta fi fitowa fili. Sin na ƙera kusan rabin jiragen kasuwanci na duniya ko fiye, Koriya ta Kudu da Japan na ɗaukar yawancin saura, rabon Amurka bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Gwamnatin Reagan ta janye tallafin ƙera jiragen kasuwanci a 1981, wuraren ƙira suka yi ta rufewa, waɗanda suka tsira suka koma dogaro da odar soja kaɗai. Amfanin wurin ƙera jirgin kasuwanci ga soja shi ne yana riƙe da kwarmin gyara da ƙugiyoyin ɗaga kaya da dubban masu walda a kan kuɗin 'yan kasuwa, ranar buƙata a same su a shirye. Kuma yaƙin ruwa rabinsa gyara ne. A Mayun 1942 jirgin dakon jirage Yorktown ya dawo Pearl Harbor da mummunan rauni, ma'aikata sama da dubu suka hau shi dare da rana, cikin kamar kwana uku ya koma teku ya shiga yaƙin Midway da Japan. Gwada wannan da jirgin nutso Boise, da ya rasa izinin nutsewa a 2017 ya yi shekaru a ɗaure yana jiran layin gyara, a lokacin zaman lafiya, babu wanda ya harbe shi.

Yanzu ga maganarka ta mai kuɗi sai ya saya. Yakan saya, amma da sharuɗɗan da ba shi ya gindaya ba. Mai sayarwa yana da ra'ayinsa. Jamus ta ba Yukren motocin harbo jirage samfurin Gepard, sai ga shi harsashinsu a Suwizalan aka ƙera, ita kuma ta hana a miƙa shi saboda dokarta ta 'yan ba-ruwanmu, dole kamfanin makamai na Rheinmetall ya kafa sabon layin ƙira a Jamus. Amurka ta ƙaƙaba wa Turkiyya takunkumin makamai a 1975 saboda rikicin tsibirin Kubrus, duk da kasancewarsu a ƙawance ɗaya, kuma daga wannan zafin ne Turkawa suka kafa kamfanin kayan soja na Aselsan suka ɗauki hanyar ƙera nasu. A 2020 Kanada ta dakatar da sayar musu da kyamarorin da ake ɗora wa jirginsu maras matuƙi, Bayraktar. Ban da ra'ayi, akwai layi: lokacin da kake buƙata shi ne lokacin da kowa ke buƙata, kuma mai masana'anta ƙasarsa zai fara yi wa. Mafi muni kuma shi ne a ce wanda kake saye a wurinsa shi ne wanda kake shirin yaƙa. Sin ce ke tace kusan kashi 90 cikin ɗari na ma'adinan da ake yin maganaɗisu mai ƙarfi da su, wanda ke cikin injin jirgi da na'urar saiti da rada. A 2010 ta taɓa tsuke wa Japan su a kan rikicin teku. A 2022 ma'aikatar tsaron Amurka ta dakatar da karɓar jiragen F-35 na ɗan lokaci saboda an gano wani maganaɗisu a cikinsu da ƙarfen Sin aka yi shi, kuma an yi shekaru ana sa shi ba wanda ya lura. A 2023 Sin ta sa takunkumi kan fitar da galiyom da jamaniyom, ma'adinai biyu da ake sawa a kayan lantarki, a Disambar 2024 ta hana sayar wa Amurka su tare da antimoni, wanda ke shiga harsashi. Ƙananan ƙwaƙwalen lantarki, irin waɗanda ke cikin waya da kwamfuta, ma haka: rabon Amurka a ƙera su ya faɗo daga kashi 37 cikin ɗari a 1990 zuwa kusan 12, mafi ingancinsu kuma a Taiwan ake yi, wato a daidai wurin da ake fargabar yaƙin zai ɓarke.

Sai dai kada maganar ta yi yawa, domin akwai masu ɗaukarta su kai ta inda ba ta je ba. Amurka ba ta daina ƙira ba, ita ce ta biyu a duniya, kuma a injin jirgin sama da tauraron ɗan'adam da jirgin nutso har yanzu da wuya a kamo ta. F-35 kaɗai ana fitar da kusan 150 a shekara. Abin da ta rasa kauri ne: tana iya yin abu mai kyau ƙwarai, kaɗan-kaɗan, a hankali. Haka kuma ba kowace masana'anta ce ta shafi tsaro ba, kuma 'yan kasuwa sun iya fakewa da tuta. Duk mai son a kare shi daga gasa sai ya ce tsaron ƙasa ne. A 2018, da ake shirin sa wa ƙarfen ƙetare kuɗin fito da sunan tsaro, sakataren tsaro na lokacin, James Mattis, ya rubuta cewa buƙatar soja ba ta wuce kamar kashi 3 cikin ɗari na ƙarfen da ƙasar ke yi ba. Abin da soja ke nema ƙarfe ne na musamman, na sulke da na bakin igwa da na jikin jirgin nutso, wanda wurare ƙalilan ke iya yi. Shi ya sa na fi ganin hikima a abin da ma'aikatar tsaron Birtaniya ta yi a 2021, da ta sayi Sheffield Forgemasters, masu ƙera manyan ƙarafan jiragen nutso, fiye da kuɗin fito na kan-mai-uwa-da-wabi da ke tsadar da ƙarfe ga mai ƙera jirgin kansa. A Afrilun 2025 kuma aka kira majalisar ƙasar zaman gaggawa ranar Asabar don hana kashe tanderun narka ƙarfe na Scunthorpe, na ƙarshe da suka rage a ƙasar da ta fara juyin masana'antu, waɗanda kuma a lokacin mallakar wani kamfanin Sin ne. Tanderu irin wannan in ya huce da ƙarfe a ciki, da wuya ya sake tashi.

Babu kuma ƙasar da ke yin komai da kanta. Rasha ta riƙe tsofaffin masana'antun Sobiyet, ta sa su aiki dare da rana, ta fi ƙasashen Yamma fitar da harsashi, amma duk da haka sai da ta nemi na Koriya ta Arewa, ta karɓi zanen jirgi maras matuƙi daga Iran, injunan fere ƙarfe da kayan lantarki kuma daga Sin ko ta bayan fage. Tambayar da ta dace ita ce: wane abu ne in an yanke mini shi na durƙusa, kuma a hannun wa yake? Abin da ke hannun amintaccen aboki mai masana'anta ƙarfi ne. Koriya ta Kudu misali ce mai kyau. Ba ta taɓa kwance ɗamara ba saboda maƙwabciyarta, kuma kamfanonin da ke mata tankoki da igwa 'yan gida ɗaya ne da masu jiragen ƙasa da jiragen ruwa da sinadarai. Foland ta sa hannu da su a tsakiyar 2022, zuwa Disamba kashin farko na tankokin K2 da igwa K9 ya sauka a tashar ruwanta. A 2024 ma kamfanin Hanwha na Koriya ne ya sayi wurin ƙera jiragen ruwa na Philadelphia.

Gyaran ba asiri ba ne, tsada ce da shi, kuma tsadar da ɗan siyasa ba ya son ɗauka. Kamfani ba zai gina masana'anta a kan odar shekara ɗaya ba, domin ya sha gani: yaƙi ya lafa, oda ta tsaya, a bar shi da bashi da ma'aikata. Sai an ba shi kwangilar shekara biyar ko goma, ko gwamnati ta mallaki ginin da injunan ta ba shi ya gudanar, kamar yadda ake yi a Scranton. Sai an yarda a biya kuɗin layin ƙira da ke aiki rabi-rabi don kawai kada ya mutu, a tara kayan da ke daɗewa kafin a samu, a riƙe makarantun koyon sana'a. Duk waɗannan a idon mai binciken kuɗi almubazzaranci ne, kuma a shekarun zaman lafiya ba za ka iya nuna masa kuskurensa ba. Jirgi sabo ana ɗaukar hoto a gabansa, ana yanka kirtani. Rumbun harsashi babu mai zuwa buɗe shi, shi ya sa kullum shi ake fara yankewa a kasafi. Wani nazari da cibiyar CSIS ta Washington ta fitar a farkon 2023 ya nuna cewa in yaƙi ya tashi a kan Taiwan, wasu makaman Amurka masu cin dogon zango na harbin jiragen ruwa za su ƙare cikin ƙasa da mako guda, kowannensu kuma yana ɗaukar kusan shekara biyu kafin a ƙera.

Akwai wani sabon abu da ya sake dawo da masana'antun farar hula tsakiyar fage, har fiye da yadda na zata shekaru kaɗan da suka wuce, wato ƙananan jirage marasa matuƙa. Yukren ta ƙera sama da miliyan ɗaya a 2024, da yawa a ƙananan ɗakunan aiki, kowanne a kan 'yan ɗaruruwan daloli, kuma suna lalata tankokin miliyoyi. A Bahar Maliya kuma, daga ƙarshen 2023, jiragen ruwan Amurka sun yi ta harba makamai na kusan dala miliyan 2 kowanne don kakkaɓo jiragen 'yan Husi na Yaman da ba su kai ko kusa da wannan kuɗin ba, kuma kowane harbi yana rage abin da ake ƙerawa 'yan ɗaruruwa a shekara. Wannan sabon makami da kayan kasuwa ake haɗa shi: ƙaramin inji mai maganaɗisu, batir, kyamara, allon lantarki, irin waɗanda ake yi wa wayar hannu da babur mai caji da kayan wasan yara, kayan da ƙasashen Yamma suka sallama tun tuni saboda ribarsu kaɗan ce. Kamfanin DJI na Shenzhen ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar irin waɗannan jirage a duniya, kuma Rasha da Yukren, duk su biyun, daga kasuwar Sin suke samo yawancin kayan haɗinsu. Sin ta fara taƙaita fitar da wasu daga ciki tun Satumbar 2023.